Albashin tsoro: kamyo biyu, hanya ɗaya, fim uku

A wannan mako za mu ɗan ajiye zancen farashin hatsi da na kuɗin duwan, mu leƙa gidan silima. Amma kada alhazai ƴan kasuwa su yi hanzarin juya shafi, domin kuwa labarin da za mu tattauna a kansa labarin ciniki ne tun daga farkonsa har ƙarshensa, kuma hajar da ake tayawa a cikinsa ita ce ran direba.

Asalin labarin wani littafi ne da Bafaranshen nan Georges Arnaud ya wallafa a shekarar 1950, mai suna Le Salaire de la peur, wato albashin tsoro. Shi marubucin, wanda sunansa na yanka Henri Girard, ya san wahalar da ya rubuta a jikinsa. An tuhume shi da kisan mahaifinsa da gwaggonsa da mai aikin gidansu a 1941, kotu ta wanke shi a 1943, ya ɓatar da dukiyar da ya gada cikin ƴan shekaru kaɗan, sannan ya faɗa Amurka ta Kudu, inda ya ɗanɗani zaman baƙon da ba shi da ko tamma a aljihu.

Ga ƙashin bayan labarin. Rijiyar man fetur ta wani kamfanin Amurka ta kama da wuta can cikin daji. Irin wannan wuta ruwa ba ya kashe ta. Sai an tayar da nakiya a bakin rijiyar, ƙarfin fashewar ya hure harshen wutar kamar yadda ake hure fitila. Nakiyar da ke akwai kuwa ruwa ce, ana kiranta nitirogilisarin, kuma halinta shi ne ba ta son girgiza, ba ta son zafi. Rami guda a kan hanya ya isa ta tashi da mota da mutanen ciki, a rasa ko abin da za a sa a likkafani. Sai kamfani ya nemi mutum huɗu da za su tuƙa kamyo biyu. Me ya sa biyu? Domin in ɗaya ta tashi, ɗaya ta isa. Lissafin ke nan.

An mayar da wannan labari fim fiye da sau ɗaya, amma uku ne suka yi suna: na Henri-Georges Clouzot a Faransa cikin 1953, na William Friedkin a Amurka cikin 1977, mai suna Sorcerer, wanda aka nuna a Faransa da sunan Le Convoi de la peur, sai na Julien Leclercq, wanda Netflix ta fitar a watan Maris na 2024. Ko'ina motoci biyu ne, ko'ina nakiyar ɗaya ce. Abin da ya raba su shi ne amsar da kowanne ya bayar ga tambaya guda: me zai sa mai hankali ya yarda ya hau wannan mota?

Sa'a guda ba a tayar da mota ba

Clouzot bai yi gaggawar amsawa ba. Fim ɗinsa baƙi da fari ne, tsawonsa kusan sa'a biyu da rabi, kuma wajen sa'a guda ake yi ba a ko tayar da kamyo ba. Abin da ake fara gani shi ne wani yaro tsugune a ƙasa, yana wasa da kyankyasai da ya ɗaure wuri ɗaya da zare. Daga nan sai a zaunar da mai kallo a Las Piedras, wani gari na Amurka ta Kudu da ba a faɗi ƙasarsa ba, inda Turawa ƴan ci-rani daga ƙasashe dabam-dabam suke yini a inuwar wata mashaya, mai mashayar yana korarsu don ba su sayen komai. Shiga garin da sauƙi, fita ce aiki. Hanyar fita sai jirgin sama, kuɗin jirgi sai an yi aiki, aikin kirki kuwa babu sai a kamfanin mai, Southern Oil Company, wanda ke bayan shingensa da masu gadinsa.

A cikin wannan zama ne muke sanin mutanen huɗu. Akwai Mario, wanda Yves Montand ya fito a matsayinsa a lokacin da aka fi saninsa da waƙa, saurayi mai ji da kansa, da ya adana wani tsohon tikitin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris kamar laya. Akwai Luigi, magini ɗan Italiya mai fara'a, wanda likita ya shaida wa cewa ƙurar siminti ta cinye masa huhu. Akwai Bimba, mai sanyin magana, da ya yi aikin bauta a mahaƙar gishiri ta ƴan Nazi. Sai kuma Jo, tsohon gogarman ƴan daba, wanda ya sauko daga jirgi cikin farar kwat, aljihu wayam, amma da tafiya irin ta mai gari. A mashaya Jo ya miƙa wa Luigi bindigarsa, ya ce in ya isa ya harbe shi, Luigi ya kasa. Tun daga ranar Mario ya zama yaron Jo. An ce Jean Gabin aka fara yi wa tayin fitowa a matsayin Jo, ya ƙi, don ba ya son a gan shi matsoraci. Sai Charles Vanel ya karɓa.

Masu kallo da dama, har da masoyan fim ɗin, sun ce wannan sa'a ta yi tsawo. Ni ban yarda ba. In aka cire ta, farashin da kamfani ya taya ba zai shiga hankali ba. Dala 2000 ga kowane direba, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta tamma biyar ba, a kan tafiyar kilomita kusan 500. Da aka yi shela, sai ga mutane suna turereniya a ƙofar kamfani. Wani saurayi ɗan Italiya, Bernardo, da ba a ɗauke shi ba, ya rataye kansa. Shi kansa Jo ba ya cikin waɗanda aka zaɓa. Wanda aka zaɓa ne bai zo ba da asuba, kuma fim ɗin ya bar mai kallo ya ƙiyasta abin da ya same shi. Wanda ya sha zaman banza tare da waɗannan mutane har sa'a guda ba ya sake tambayar me ya sa suka yarda. Ya riga ya ji a cikinsa.

Akwai wata ƴar magana da ake yi a cikin buron kamfanin, wadda a ganina ita ce cibiyar fim ɗin duka. O'Brien, shugaban aikin kamfani a garin, yana bayyana wa abokan aikinsa dalilin da ya sa za a ɗauki ƴan zaman mashaya: waɗannan ba su da sandika, ba su da dangi, in sun tashi ba wanda zai zo ya tambaye shi bayani. Clouzot bai mayar da O'Brien dodo ba. Tsohon abokin Jo ne, har ma ya ƙi ɗaukarsa da farko saboda tsufa. Mutum ne da wuta ke ci a rijiyarsa, manyansa suna matsa masa, yana neman hanyar da ta fi arha. A nan ne fim ɗin ya daina zama labarin Turawa a wata ƙasa mai nisa. Duk mai mota da ya taɓa sallamar direba da dare alhali ya san taya ta suɗe, da duk ma'aikacin da ya taɓa sa hannu a takardar duba mota ba tare da ya ga motar ba, sun san kujerar da O'Brien yake zaune a kai. Direban da ba shi da mai tsaya masa ya fi arha, ko a Las Piedras ko a tasha.

Hanya mai gargada

Da aka tashi, sai Clouzot ya nuna gwanintar da har yau ake koyar da ita a makarantun silima. Babu ƴan fashi, babu harbi, kusan babu kiɗa. Abokin gaba hanya ce kawai, da jarkokin da ke bayan mota.

Jarabawar farko ita ce wadda duk direban da ya taɓa sauka daga gudron ya hau jar hanya ya sani: ƙasar da ta yi layi-layi kamar kwanon rufi, wadda Faransawa ke kira tôle ondulée. Ka'idarta a fim ɗin ita ce ka'idarta a ko'ina. Ko dai ka bi ta da tafiyar hawainiya, ko ka taka mota ta wuce kilomita 60 a sa'a ta yadda tayoyi za su riƙa shafar kan tudun kawai. Tsakanin biyun nan girgiza ce, girgiza kuwa mutuwa ce. Wanda ya shiga da gudu ba shi da ikon rage gudu. Sai ga motar gaba ta samu matsala tana tafiya a hankali, ta baya ta taho a guje, hanya ɗaya, ba wurin kaucewa, birki kuma haramun ne. Direbobinmu za su fi malaman silima gane wannan wuri.

Bayan ta sai wata kwana mai tsanani a kan dutse, wadda ba a iya shanta sai an yi baya-baya a kan wani dandamalin katako da aka gina a bakin kwazazzabo, katakon kuwa ya ruɓe. Bayan ita sai wani ƙaton dutse da ya tare hanya, wanda Bimba ya fasa da ɗan kaɗan daga cikin kayan da suka ɗauko, yana tsiyaya ruwan nakiyar cikin rami a hankali kamar mai ɗura wa jariri magani.

Ana cikin wannan ne Jo yake narkewa. Namiji barkono ne, sai an tauna ake sanin yajinsa, kuma da hanya ta tauna Jo sai aka tarar ba yaji. Gumi, ciwon ciki, neman a tsaya, har gudu ya bar mota. Mario, wanda jiya yake yi masa fadanci, yau shi ke zaginsa, har da duka. Amma Clouzot bai bar mu mu raina tsohon ba. Jo ya gaya wa Mario cewa aikin rabawa aka yi: ɗaya ana biyansa ya tuƙa, ɗaya ana biyansa ya ji tsoro. Shi ne kaɗai cikin huɗun da yake hango abin da ke iya faruwa a kowane rami, saboda haka shi ne kaɗai yake mutuwa sau ɗari kafin a isa.

Sai wurin da ba a mantawa. Jo yana zaune a gefen direba yana naɗa taba a takarda. Ba a ji komai ba, sai wata iska ta share tabar daga kan takardar. Sannan haske, sannan ƙara, sannan hayaƙi can gaba. Luigi da Bimba sun tafi. Ba a nuna fuskarsu ba, ba a faɗi abin da ya jawo ba, alhali su ne suka fi natsuwa da ƙwarewa. Bimba ma bai daɗe da yin aski ba, don yana son in mutuwa ta zo ta same shi tsaf. Inda suka tashi ya zama rami, bututun mai ya fashe yana cika shi da baƙin ɗanyen mai. Jo ya shiga ramin da ƙafa yana nuna hanya, ya sarƙe ya faɗi, Mario kuwa ya san in ya tsaya motar ta kafe ke nan. Bai tsaya ba. Ya bi ta kan ƙafar abokinsa yana gani. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma a nan ne ake ganin iyakar abin da dala 2000 ta saya.

Abin mamaki, duk Amurka ta Kudun nan da ake gani kudancin Faransa ce. A yankin Camargue aka gina garin Las Piedras, aka fara ɗauka a 1951, ruwan sama da ƙarancin kuɗi suka tsayar da aiki, aka koma a 1952. Sojoji biyu daga cikin waɗanda suka taimaka wa aikin sun nutse a kogi.

Friedkin ya canza amsar

Lokacin da William Friedkin ya ɗauko labarin, ba wanda ya kai shi tashe a Hollywood. Ya yi The French Connection a 1971, ya yi The Exorcist a 1973, duka biyu sun kawo kuɗi da suna. Ya nemi yardar Clouzot, ya kuma sadaukar masa da fim ɗin, don Clouzot ya rasu a watan Janairu na 1977, ƴan watanni kafin a fitar da shi. Duk da haka Friedkin ya riƙa cewa shi littafin ya sake ɗauka, ba fim ɗin Clouzot ya maimaita ba. Akwai gaskiya a maganarsa, sai dai ba ta hana kowa gwada su.

Inda Clouzot ya zaunar da mu a gari ɗaya, Friedkin ya zagaya da mu duniya. A Berakurus ta ƙasar Meziko, Nilo ya harbe wani mutum don an biya shi. A Birnin Ƙudus, Kassem, Bafalasɗine, ya dasa bam tare da abokansa, shi kaɗai ya tsira. Ɗan wasan Maroko Amidou ne ya fito a matsayinsa. A Paris, Victor Manzon, mai banki, wanda Bruno Cremer ya fito a matsayinsa, asirin almundahanarsa ya tonu, ya gudu ya bar matarsa a teburin abinci. A jihar New Jersey, Jackie Scanlon, wato Roy Scheider, ya tuƙa motar ƴan fashin da suka sace kuɗi a wani coci suka harbi wani fada, ashe fadan ɗan'uwan wani shugaban ƴan Mafiya ne. Dukansu huɗu suka ƙare a wani ƙauye mai laka da ƙuda da ake kira Porvenir, uku daga cikinsu da sunayen aro.

To, a nan ne aka rabu. Mutanen Clouzot ba waliyyai ba ne, amma abin da ya ɗora su a kan kamyo yunwa ce da zaman kashe wando. Mutanen Friedkin kuwa kowannensu yana da jini ko dukiyar wani a wuyansa. Ba talauci ya tsare su a Porvenir ba tun farko, laifinsu ne. Saboda haka mai kallo, ko bai so ba, sai ya riƙa ji a ransa cewa abin da suka shuka ne suke girba. Nauyin da Clouzot ya ɗora wa mai biyan albashi, Friedkin ya sauke rabinsa ya ɗora wa masu karɓa.

Adalci ne a faɗi cewa bai wanke kamfanin ba. Ya nuna gawarwakin ma'aikata da suka ƙone a rijiya ana sauke su a tsakiyar ƙauye, jama'a suka harzuƙa suka far wa sojoji, kuma wannan wuri ya fi duk abin da Clouzot ya nuna na ƴan ƙasa zafi. An kuma ruwaito cewa hoton shugabannin kamfanin mai da ke rataye a buro a cikin fim ɗin, hoton shugabannin Gulf and Western ne, kamfanin da ya mallaki Paramount a lokacin, ɗaya daga cikin kamfanoni biyu da suka ba shi kuɗin aikin. Wannan tsiya ce ta mai ƙarfin hali. Amma zuciyar fim ɗin ba a nan take ba. Sunan Sorcerer, wato boka ko matsafi, an rubuta shi ne a jikin ɗaya daga cikin motocin, kuma Friedkin da bakinsa ya ce matsafin da yake nufi ƙaddara ce. Mu ma mun san yadda kalmar ƙaddara, wadda gaskiya ce, takan zama murfin tukunya bayan haɗari: da zarar an ambace ta, sai a ji kunyar tambayar wa ya duba taya kafin a tashi.

Gadar igiya

Inda Friedkin ya fi ƙarfi shi ne ƙarfe da laka. Nakiyarsa tsohon dinamit ne da aka manta da shi a daji ba a juya akwatunan ba, har ya yi gumi, ruwan nakiyar ya taru a ƙasan akwati. Motocinsa kuwa gawarwaki ne da direbobin suka tayar da hannunsu, su ciro wannan daga waccan su ɗaura, su zuba yashi a bayan mota su binne akwatunan a ciki don rage girgiza. Duk makanikin da ya taɓa tayar da matacciyar mota a garejin bakin kasuwa zai kalli wannan wuri da murmushi.

Sai gadar. Gada ce ta igiya da ruɓaɓɓen katako a kan kogin da ya cika ya batse, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, iska tana kaɗa ta hagu da dama, kuma dole kamyo ta bi ta kai, ɗaya bayan ɗaya, mutum guda yana gaba yana rarrafe yana nuna wa direba inda zai sa taya. Motar takan karkace har mai kallo ya ga cikinta. Wajen minti 12 ake yi a wannan wuri, kuma ba kwamfuta a lokacin: mota ce ta gaske a kan gada ta gaske, wadda aka ɓoye wa wayoyin ƙarfe da na'urorin da ke kaɗa ta. An gina ta a Jamhuriyar Dominikan, kogin ya ƙafe. Aka kwance ta aka kai Meziko, can ma ruwa ya janye, sai da aka kawo injuna suka yi ruwan sama da igiyar ruwa. A nan kam dandamalin katakon Clouzot ya zama wasan yara. Ban san wani wuri a silima da ya kai wannan gada sa mutum ya manta da numfashi ba.

Amma a gwada mutuwar motar farko a fina-finan biyu. Wurin Friedkin, Manzon yana tuƙi, hankali ya ɗan kwanta, yana ba Kassem labarin matarsa da agogon da ta ba shi, sai taya ta fashe, mota ta gangara, ta tashi a gaban idonmu. Yana da ban tausayi, kuma an yi shi da kyau. Sai dai an nuna mana dalili, an nuna mana wuta. Clouzot taba kawai ya nuna tana barin takarda. Bayan shekara da shekaru, tabar ce ke dawo wa mutum.

Almakashi

Kasuwa ta yi wa fina-finan biyu hukunci dabam. Na Clouzot ya ci babbar kyautar bikin Kan da ta bikin Barlin duk a cikin 1953, kuma mutum kusan miliyan 7 suka kalle shi a Faransa. Na Friedkin ya ci kuɗi wajen dala miliyan 22, ya fito a watan Yuni na 1977, wata guda bayan Star Wars, bai mayar da ko rabin kuɗinsa ba. Mutane sun shiga suna zaton za su ga aljanu irin na The Exorcist saboda sunan, suka tarar da kwata guda na sa'a ana magana da harsunan da ba Ingilishi ba. Sai a 2013, da aka gyara shi aka nuna a bikin Benis, aka fara ba shi girman da ya cancanta. Friedkin ya rasu a 2023, bayan ya ga wannan rana.

Abin lura shi ne inda almakashi ya taɓa kowannensu. Da aka kai fim ɗin Clouzot Amurka a 1955, sai aka datse wurare da dama, musamman waɗanda ke nuna halin kamfanin mai, don an ce suna ɓata sunan Amurka. Amurkawa ba su ga cikakkensa ba sai a farkon shekarun 1990. Shi kuma na Friedkin, da aka fitar da shi ƙasashen waje, an rage kusan rabin sa'a ba da yardarsa ba, aka wargaza labaran farko na mutanen huɗu. Wato a duka biyun, masu sayar da fim sun bar motoci da nakiya, suka yanke wurin da ke bayyana dalilin hawa motar. Tsoro yana sayuwa a ko'ina. Dalilinsa ne ke hana wasu barci.

Na 2024 ba zai ɗauke mu lokaci ba. An ɗauke shi a Maroko, an mayar da labarin cikin hamadar wata ƙasa da ba a ambata ba, Franck Gastambide da Alban Lenoir suka fito a matsayin wa da ƙane, aka ba su sa'a 24 su kashe wutar kafin ta hallaka mutanen da ke zaune kusa da rijiyar. Ke nan direbobin sun zama jarumai masu ceton jama'a, kuma wanda ya hau mota don ceton rai ba a tambayarsa nawa aka biya shi. Ga harbe-harbe, ga tsere, ga ƴan bindiga. Nakiyar da a 1953 ba ta jure rami guda, a 2024 ana sukuwa da ita ana musayar wuta, tana zaune lafiya kamar buhun gero. Sauri ya haifi nawa: an ƙara gudu, tsoron ya zube a hanya.

Wanda ya isa

A fina-finan biyu na farko mutum ɗaya ne ke isa rijiya da rai, kuma wanda bai gani ba tukuna yana iya tsayawa a nan.

Jo ya cika a cikin mota, kansa a kafaɗar Mario, yana tunanin wani shinge da ke wani titi na Paris wanda bai taɓa sanin abin da ke bayansa ba. Mario ya ce masa ba komai a bayan. Mario ya kai kayan, ya faɗi sumamme a gaban wutar. Da ya farfaɗo aka ba shi rabonsa da na Jo, dala 4000, aka ce a ba shi direba ya mayar da shi, ya ƙi. Ya kama hanya da mota ba kaya, rediyo yana kiɗan rawa na Strauss, can a mashaya ana rawa da jin labarin ya tsira, shi kuma yana karkaɗa sitiyari hagu da dama yana bin kiɗan, har ya kuskure kwana ya faɗa kwazazzabo. Aka nuna hannunsa da tikitin nan na Paris. Wasu sun ce Clouzot ya yi zalunci a nan, ya kashe mutum don kawai kada a fita silima da farin ciki. Ni ina ganin ya san direbobi: tsoron ne ya riƙe Mario a kan hanya kilomita 500, ranar da aka sauke masa shi ba abin da ya rage yana riƙe da sitiyarin.

Scanlon na Friedkin kuwa motarsa ta mutu saura ɗan kaɗan, Nilo ya riga ya cika a hanya bayan sun yi karo da ƴan tawaye, sai ya rungumi akwati guda ya ƙarasa da ƙafa cikin dare, yana tangaɗi, har hasken wutar ya bayyana a fuskarsa. Ya koma Porvenir, wakilin kamfani ya cika alkawari, ya kawo masa takardar kuɗi da takardun zama, jirgi yana jiransa. Sai ya nemi a ba shi ƴan mintoci ya yi rawa da wata mata mai wanke daɓen mashayar. Suna cikin rawa, tasi ta tsaya a waje. Mutum biyu suka fito, ɗaya daga cikinsu abokin nan nasa ne da ya nuna masa hanyar gudu daga New Jersey, suka dubi mashayar, suka shiga.